Dawar da Muka Hana Girbewa a Manchok

Har yau ranar da Baba Bulus ya tare babur ɗina a bakin gonarsa ba ta fita daga raina ba. A tsakiyar shekarun saba'in ne, ina ƙaramin malamin gona a Manchok, ofishinmu yana Kafanchan. Aikina shi ne in kai wa manoma sabon iri, in nemi mutum ɗaya ya ba da gonarsa a yi gwaji don sauran su gani.

A shekarar aka aiko mana da wata gajeriyar farar dawa mai saurin nuna. Dawar mutanen nan doguwa ce, ba ta nuna sai ruwa ya ɗauke. Tamu kuwa ta nuna ana tsakiyar ruwa. Baba Bulus, dattijo ne a coci, ya ba ni babbar gonarsa duka saboda ya yarda da ni.

"Malam, dawa ya nuna," in ji shi, ranar da ya tare ni a bakin gonar. "Bari in yanka in shanya a rumfa. Ruwan nan zai ɓata shi."

Gaskiya ya faɗa, na kuma sani. Idan ruwa ya yi ta dukan zangarniyar da ta nuna, fumfuna ce ke kama ƙwayar. Na tafi Kafanchan na gaya wa babban jami'inmu. Ko kallona bai yi ba. Ya ce wani babba zai zo daga Kaduna ya ga gonar a tsaye, a ɗauki hoto, kada a taɓa ko kara ɗaya.

Na koma na ce wa tsohon nan ya jira. Mako uku muna jira, ruwa bai fasa ba. Farar dawa ta koma toka-toka, wani wuri ja, wani baƙi ƙirin. In ka murza ƙwaya sai ta zama gari a hannunka. Babban na Kaduna kuwa bai zo ba, ko saƙo bai aiko ba.

Bayan girbi na je gidan ina jin kunya. Matarsa ta ajiye mini tuwo, launinsa kamar toka, yana warin ruma. Na kai loma ɗaya, ɗaci ya cika mini baki.

"Ci, Malam," in ji Baba Bulus. "Shi ne za mu ci da jikoki har wani shekara."

Rahoton da aka buga a ofis cewa ya yi manomin ne ya yi sakaci, bai girbe da wuri ba. Aka miƙo mini, na karanta, na sa hannu, don ina tsoron a kore ni.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku sani manomi ya fi mu sanin ruwan garinsu, kuma in muka yi kuskure ba mu ne ke kwana da yunwa ba. Baba Bulus ya ci gaba da gaishe ni har ya rasu, amma bai sake ce mini Malam ba.