Kwamfuresar Katafila a Motar Kawu

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, muka bar Talata Mafara ni da Garba Makanike. Baba ne ba lafiya, numfashi yana yi masa wuya, ga bazara ta kankama, kwana uku bai runtsa ba. Likita ya ce a kai shi Sakkwato ranar Alhamis, amma kada a kuskura a ɗauke shi cikin zafin nan a motar haya. Kawu ya ba mu motarsa, sai dai kwamfuresarta, wato ɗan injin da ke sa mota ta yi sanyi, ta ƙone. Ita muka fita nema ranar Laraba.

Garba ya naɗo tsohuwar a buhu ya ajiye tsakanin ƙafafunsa. Na ce masa me za mu yi da mushe? Ya ce, "Malam, kai dai ja mota. Allo ka sani, ba ƙarhe ba."

Bakura

Shida da kwata muka isa. Wani Alhaji mai fataucin shanu yana da irin motar Kawu sak, ta yi haɗari an jingine ta bayan gida. Bayan doguwar gaisuwa ya sa aka kawo fura, ya ce mu cire abin da muke so. Ni har na fara hamdala.

Garba ya karyo tsinken tsintsiya, ya auna tsakanin ramukan noti na tamu, ya kai kan waccan. Tsinken ya gaza da kamar gaɓar yatsa.

"Ba ta hawa," in ji shi.

Raina ya ɓaci. Na ce mota iri ɗaya, har fenti ɗaya?

"Jiki ɗaya ne. Wagga gas taka sha, taku fetur. Inji daban, mazauni daban."

Alhaji ya ce mu nufi Maradun, filin kamfanin masu ginin dam, mu tambayi Yohanna. Dole muka sake ratsa Mafara wajen ƙarfe tara. Ban tsaya gida ba, don ba ni da abin da zan faɗa wa Inna.

Maradun

Goma saura muka kai ƙofar kamfanin. Mai gadi ya riƙe mu kusan awa guda kafin ya yarda mu shiga. A nan na fara ganin dam da idona. Na sha jin labari, amma ban zaci ɗan Adam zai iya tare kogi da bango ya ce masa tsaya, ya kuma tsaya ba. Ruwa iya ganinka, har ba ka gane inda ya haɗu da sama. Na ji tsoro, na ji kuma ƙanƙantar kaina. Sai da Garba ya ja ni.

Yohanna dattijo ne, Kirista daga kudancin Zariya, ashe ma a Mafara iyalinsa suke. Ya karɓi tsohuwar kwamfuresar, ya juya ta, ya sunsuni manta. Garba ya ce masa marar lafiya za mu ɗauka a motar. Ya tambaya, "Wa ke ciwon?" Na ce mahaifina. Ya je wurin shugabansu, ya dawo da sufana ya ce mu biyo shi.

Ya kai mu gaban wata matacciyar katafila wadda tayarta kaɗai ta fi ni tsawo. Ya hau, ya yi ta kwance-kwance, ya sauko da wani abu a kafaɗa. Na yi dariya, na ce Baba Yohanna, wannan dodon ina shi ina motar Kawu?

Ya ajiye su gefe da gefe. Wallahi kamar tagwaye. Garba ya fito da tsinkensa ya auna, ya sake aunawa, ya dube ni baki buɗe.

"Ɗakin direban katafila ma sanyi yake so," in ji Yohanna. "Masu ƙera wannan ba ruwansu da girman mota."

Garba ya ɗauka zai ɗaura, Yohanna ya riƙe masa hannu. Ya ce katafila batir biyu take ci, motarmu ɗaya, don haka maganaɗisun da ke kama kan kwamfuresar ba zai kama da wutarmu ba. Sai ya jawo mushen nan da na rena, ya cire kanta, ya gwada da waya a batir, muka ji ƙas. Cikinta ne ya ƙone, kanta lafiya lau. Ya ɗora tsohon kai a sabon jiki, aka ɗaura a motar, fambel, wato igiyar robar da ke juya ta, ya zauna daidai.

Muka yi azahar, muka ci soyayyen kifin dam, shi yana cika mata gas ɗin sanyi. Biyu da minti arba'in ya ce in tayar. Na kara hannu a ramin iska, da farko zafi, can sai sanyi ya biyo kamar an buɗe randa. Yohanna ya goge hannu ya ce, "Ka gaishe da Baba. Allah ya ba shi lafiya."

Gida

Huɗu daidai muka tsaya ƙofar gida. Inna ta leƙo, na ce a fito da Baba mu gwada. Muka tallabo shi, muka zaunar da shi a baya, muka rufe gilashi. Ya ɗan dubi rufin motar ya ce, "Mi an nan? Damana kunka sawo?"

Kafin in gama ba shi labarin katafila, kansa ya langaɓe. Na firgita, na kai kunne kusa da bakinsa. Barci yake, har da ɗan minshari.

Ba wanda ya iya cewa a kashe mota. Garba ya zauna a ƙasa yana lura da zafin inji, Inna ta tsaya jikin gilashi tana kallon mijinta tana share ido, har aka kira magariba. Na gode wa Allah, na gode wa Kawu da Garba da Alhajin Bakura, da Yohanna wanda bai taɓa ganin Baba ba. Washegari muka kai shi Sakkwato, yana barci tun daga bakin gari.