Zanen da Na Goge a Fuskar Baba

Ƙarar sakata ce kawai, ƙwas, irin wadda ƙofar gidanmu take yi in an ɗaga ta a hankali. Ina tsugune a bakin famfo ina ɗauraye kayan makarantar yara, kumfa har gwiwar hannu. Gidan haya ne, ɗaki-ɗaki, shiga da fita ba sa ƙarewa, don haka ko waiwaye ban yi ba. Na ɗauka maƙwabciyata mai sayar da koko ce ta dawo ɗaukar sikari.

Sai da na gama shanya, na zubo wa Baba kokonsa, na je ƙofar ɗakinsa na yi sallama. Shiru. Tabarma na nan, buta na nan, maganin safe na kan faranti yadda na ajiye shi. Takalmansa ne babu, da hular da yake ratayewa a ƙusa.

Baba mahaifin maigidana ne. Tun yana saurayi ya zo Kumasi daga wajen Ƙonni, ya yi fataucin goro har ƙarfinsa ya ƙare. Bayan wani ciwo da ya kwantar da shi, sai mantuwa ta shigo. Yakan idar da salla ya tambaye ni ko an kira. Na haifi 'ya'ya huɗu a gidan, amma bai daina ce mini Amarya ba. Wani lokaci da hantsi sai ya miƙe ya ce motar goro ta kusa isowa, a miƙo masa hula. In na ce, "Baba, direba ya aiko, sai gobe," sai ya koma ya zauna. Ran nan ban kasance kusa ba balle in ce sai gobe.

Na leƙa banɗaki, na leƙa masallacin layinmu, na tambayi mai shayi. Babu wanda ya lura. Na kira maigidan, wanda bakanike ne a Magazin, unguwar masu gyaran mota.

"Turo mini hotonsa yanzu-yanzu," ya ce, ƙarar guduma na tashi a bayansa. "Zan watsa wa yaran trotro da masu pragya, su ne ke ganin kowa. Ki ce wa ladan ya yi cigiya. Ga ni nan." Trotro su ne ƙananan motocin haya a nan, pragya kuma keken nan mai ƙafa uku.

Na buɗe waya. Hotunan Baba sun fi na kowa yawa a ciki, sai dai da na fara dubawa, ban ga ko ɗaya da ban gyara ba.

A layinmu an san ni da gyaran hoto. Ba sana'a ba ce, sha'awa ce da na koya da kaina a wata manhaja. In ana suna ko biki, mata su turo mini hoto, in zagaye shi da furanni, in watsa masa taurari masu ƙyalli, in rubuta addu'a da ruwan zinariya a ƙasa. Na iya yanke mutum daga jikin bangonmu mai gansakuka in dasa shi gaban koriyar ƙubbar Madina. Akwai kuma wani ɗan layi da ake ja da yatsa: a ja kaɗan, fata ta yi sumul, a ƙara ja, tamoji ya tafi, a kai shi ƙarshe, tsoho ya koma magidanci.

Ƙanwar maigidana tana aure a Tawa, can Nijar, ta daɗe ba ta zo ba. Hoton farko da na tura mata bayan ciwon Baba, kuka ta yi ta yi a waya har muryarta ta dishe, ga ta da tsohon ciki a lokacin. Juma'ar da ta biyo sai na ja layin nan kaɗan kafin in tura. Ta ce alhamdu lillahi, Baba ya fara murmurewa. Daga nan ya zama al'ada, kowace Juma'a bayan an sauko masallaci. Na cika masa kumatu. Na share farin da ya fara rufe idonsa na hagu. Na haska fatar. Zanen Gobirawa da ke kuncinsa, daga gefen baki zuwa kunne, ban yi niyyar taɓa shi ba, amma manhaja ba ta san zane da tamoji ba, duk tare take kwashewa. Waya kuma kullum kukan ta cika take yi, sai in goge na ainihin in bar mai kyan.

Na yi ta ja da yatsa sama, ina neman ko ɗaya da ya tsira. Baba cikin furanni. Baba cikin gajimare. Baba a Madina, inda bai taɓa zuwa ba. Na danna duk abin da zan iya dannawa ko hoton zai koma yadda yake, ya ƙi. Maigidan ya sake kira, sai na zaɓi wanda adonsa ya fi sauƙi, mai koren zobe da 'yan furanni a kusurwa, na tura.

Maƙwabciyar tawa, 'yar Dagomba ce, muna ce mata Mma, ta same ni zaune a dokin ƙofa. Ta rufe tukunyar kokonta ta ɗaura gyale a ƙugu.

"Kai, share hawaye, tashi mu tafi," ta ce, da Hausarta wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Tsoho ba ya gudu. Ƙafa biyu ne, ba pragya ba."

Muna fita muka ji lasifikar masallaci tana cigiya. Muka bi ta Alabar, inda a da ake sauke goro, ina miƙa wa mutane waya. Wani mai pragya ya karɓa ya ƙura ido, ya kira abokinsa.

"Hajiya, wannan ai babban mutum ne. Irin wannan ba ya tafiya a ƙasa, sai a mota mai sanyi."

"Tsoho ne," na ce, "ya fi haka tsufa kaɗan."

"To, in na ga Alhaji zan kawo shi, amma shi zai biya ni, ba ke ba."

Suka yi dariya, ba da mugunta ba. Na karɓi wayata muka wuce.

Muka hau zuwa Ashtawun. A wata kwana akwai wata Ba'ashantiya mai gasa ayaba da gyaɗa a gaban wani kiyos, ɗan shagon katako. Ta goge hannu a zane ta karɓi wayar. Tana ganin zoben da furannin sai ta dafa ƙirji.

"Due, due," ta ce, gaisuwar mutuwa kenan a bakinsu. "Yaushe ne jana'izar?"

A garin nan kowane bango da hoton mamaci a manne, cikin zobe, da furanni a kusurwa. Kullum ina wuce su, ban taɓa haɗa su da aikin hannuna ba sai a lokacin. Na ce a'uzu billahi a fili. Mma ce ta yi mata bayani da Turancinta da Tuwi, yaren Ashantawa, cewa ɓata ya yi, yana raye. Matar ta sake duban hoton da kyau, ta girgiza kai. Ba ta ga wannan mutumin ba.

Aka kira azahar muna tafe. Ban san adadin mutanen da na nuna wa ba. Abin da nake gani kawai shi ne manyan kwatoci marasa murfi a gefen titi, da yadda trotro ke shan kwana ba ta duba kowa. Bai karya ba, bai sha magani ba, ido ɗaya ne mai gani. In an tambaye shi gida, zai iya cewa Ƙonni. Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata in fara ta in kasa ƙarasawa, in koma farko.

Maigidan ya same mu kusa da Manhiya a kan babur, rigar aikinsa duk baƙin mai. Ya zaga kasuwar Kejetiya, ya zaga Asawasi. Ya ciro wayarsa ya buɗe hoton, ina jin sai a lokacin ya dube shi da natsuwa, don da safe watsawa kawai ya yi.

"Maman yara," ya ce a hankali, "wane ne wannan?"

Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Yara sun kawo mini mutum biyu a Kejetiya," ya ce. "Duka masu ƙiba. Ɗaya har ya so ya mare su."

Muna tsaye wayata ta yi ƙara. Ƙanwarsa ce daga Tawa, hoton ya zaga har ya isa gare ta.

"Yaya, me nake gani? Baba da ƙarfinsa da hankalinsa, ta yaya zai ɓata a garin da ya fi kowa sani?"

Na ce mata ta yi ta addu'a, zan kira ta. Na kashe, na tura wayar can ƙasan jaka, ƙarƙashin gyale.

Maigidan ya nufi Adum. Ni da Mma muka juyo ta hanyar da muka zo, don ban san wata ba. Wannan karon da baki nake tambaya. Tsoho siriri, baƙi, ya ɗan ranƙwafa, riga ruwan toka, ido ɗaya fari. In na zo kan zanen sai in sa yatsu a kuncina in ja su daga baki zuwa kunne. Na yi wa mai gyaran takalmi, na yi wa masu ɗaukar kaya, har kuncina ya fara zafi.

Da muka iso wurin mai gasa ayaba, na so in wuce, tunda ta riga ta ce a'a. Mma ce ta ja ni. Ina jan yatsu a kunci matar ta saki abin juya ayabarta.

"Ei! Akokora? Tsohon nan mai layi-layi a fuska?" Ta juya ta nuna bayan kiyos, inda wani benci yake a inuwa. "Nan ya zauna tun safe! Na ba shi ayaba, ya ci, ya yi mini addu'a mai tsawo. Lokacin da kuka zo yana nan kwance, barci yake. Maame, me ya sa ba ki ce tsoho ba ne? Kin nuna mini wani mai kuɗi!"

Na dubi bencin. Daga inda na tsaya da safe ina miƙa mata waya, da na ɗan leƙa da na ga ƙafafunsa. Bawon gyaɗa na nan a ƙasa.

"Ina ya yi?" na tambaye ta.

Ta ce bai daɗe da tashi ba, ya tambaye ta inda manyan motoci ke sauke kaya, ta nuna masa gangare. Ban san na iya gudu ba sai ran nan. Mma na bayana tana haki tana cewa in jira ta, ita ba yarinya ba ce.

A bakin wani shago muka gan shi, ana sauke buhunan albasa daga wata doguwar mota. Yana zaune a kan dutse dab da tayar baya, ya miƙe wuya yana bin kowane buhu da ido, leɓunansa na motsi. Takalmi ɗaya ne a ƙafarsa. Ɗayar ƙafar ta yi butu-butu, babban yatsa ya fashe, jini ya bushe a kai. Direba ya riga ya shiga ya tayar da inji. Na kama hannun Baba na janye shi gefe kafin in yi masa ko sallama, abin da ban taɓa yi ba tunda aka kawo ni gidan.

Ya ɗaga kai ya dube ni da idon mai gani.

"Amarya? Ke ce da kanki? Ai da kin aiko yaro." Ya nuna motar da haɓa. "Ba tamu ba ce wannan. Tamu ba ta iso ba."

"Direba ya aiko, Baba," na ce. "Sai gobe."

"To, madalla. Mu je gida, rana ta yi."

A pragya muka dawo, yana tsakiyarmu, na riƙe gefen rigarsa har ƙofar gida. Maigidan ya iso bayanmu, ya durƙusa a gabansa, Baba kuwa yana tambayarsa ko ya ci kasuwa. Na ɗora ruwan ɗumi na wanke ƙafar, na sa magani na ɗaure. Ya sha kokon da na sake damawa, ya haɗiye ƙwayoyinsa, muka rama sallolin da suka wuce mu.

Bayan la'asar aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Hasken ya faɗo masa a gefen fuska, kowane layi na zanen ya fito, da ramin kumatun, da farin idon. Na ciro wayar daga ƙasan jaka. Kiran Tawa ya taru a kai, na san kuma dole in kira, in faɗi abin da na daɗe ina rufewa da furanni. Amma kafin nan sai na matsa kusa na ce, "Baba, dubo nan." Na ɗauka daga gaba, na ɗauka daga gefe, na ja baya na ɗauke shi gaba ɗaya har da ƙafar mai bandeji.

Autata, wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba, ta dawo ta tarar da gida a hargitse, an ce har abinci ta ƙi ci. Ita ce Baba yake tsokana da matarsa, ita kuma ta ce ba ta auren mai ido ɗaya. Ta zo ta jingina da kafaɗata tana kallon wayar. Ta ga yatsana ya nufi manhajar da kansa, ta ga na janye shi. Ta daɗe tana duban hoton, sannan ta zaga ta tsaya a gabana, ta gyara tsayuwa, ta sauke hannuwa a gefe kamar a layin makaranta.

"Mama, ni ma ki ɗauke ni haka, kar ki sa mini komai. Ko da wata rana na ɓata."