Shafin da Mama Mai Wanki Ta Ninke

Ƙarfe shida da rabi Mama take isowa ɗakin wanki da ke bayan asibiti. Ba ta taɓa ruwa sai ta kifa bokiti ta zauna a kai, ta zaro Littafi Mai Tsarki daga cikin leda biyu, don tururin ɗakin ya riga ya cinye mata guda. Tana da shekara talatin ta koyi haɗa baƙi, shi ya sa har yau da yatsa take bin layi, leɓɓanta na motsi. Aya biyar, wata rana uku. Sai ta rufe ta ce, "To, Ubangiji, na ji," ta gyara ɗaurin zani, ta jawo kwandon farko.

Wanda bai taɓa leƙa kwandon nan ba, bai san halin da duniya take ciki ba. Zanen gadon wanda direba mai gaggawa ya take, na matar da miji ya fasa wa baki, na jaririn da bai yi kuka ba. Duk ɓarnar da mutane suka yi wa juna jiya, a bahonta take wayar gari. Shekara talatin da huɗu tana cuɗa ta da sabulu da ruwan zafi, har zanen yatsunta ya goge. Ranar Juma'ar da ta wuce ta ajiye aiki. Aka ba ta takardar yabo da agogon bango, aka tafa, kowa ya kama gabansa. Ban ga wanda ya tsaya ya faɗi abin da ta yi ba, mu 'yan majami'arta ma ba mu faɗa ba. To, ga shi.

Ba zan yi mata kwalliyar ƙarya ba. Mama tana da faɗa, kuma idan ta tsuke fuska likita ma sai ya sake hanya. Mutum ɗaya ne ke iya tsokanarta, Baba mai kula da ɗakin gawa, wanda ƙofarsa ke kallon igiyar shanyarta. Kowace safiya sai ya leƙo.

"Fasto mai baho, yau me aka ce?"

"An ce ka rage surutu."

"Kai, babu wannan a ciki!"

"Akwai. Kai ne ba ka kai wurin ba."

Ba ta wa'azi. Abin da ta karanta da safe, a hannunta ake ganinsa kafin la'asar. Direban motar asibiti ya ce ya ga ranar da ta tsinci hular jariri a cikin zannuwan ɗakin haihuwa, jaririn da bai rayu ba. Ta wanke, ta goge, ta sa shi ya nuna mata gidan, ta miƙa wa uwar. Uwar ta rungume hular, sai a lokacin kuka ya zo mata.

Wata safiya ta karanta inda aka naɗe jikin Ubangiji Yesu a ƙyalle mai tsabta kafin a sa shi a kabari. Da Baba ya leƙo, ba ta bari ya fara tsokana ba.

"Waɗanda ba mai zuwa ɗauka, da me ake binne su?"

"Da abin da suka zo da shi. Wani ma da komai bai zo ba."

A lokacin, zanen gado idan ya tsufa ƙona shi ake yi. Daga ranar ta fara tsame masu ɗan ƙwari daga cikin na ƙonawa. Ta dafa su, ta ɗinke ɓarakar, ta goge su kamar na ɗakin manya, ta kai wa Baba a ɓoye. Ba ta nemi izini ba, kuma wannan kuskurenta ne. Amma shekara goma sha ɗaya babu mahaukaci ko baƙon da aka tsinta a titi da ya shiga ƙasa tsirara daga asibitin nan.

Ke ce mai suturta wanda ba shi da kowa, Mama. Su ba za su tashi su gode miki ba, mu kuma da muke da baki muka yi shiru.

Shugabar nas-nas, wadda kowa ke kira Sista, mace ce mai tsare aiki, ba ta wasa da kayan asibiti. Ita ta tare Mama a baranda da ƙunshi a hammata, ta warware shi gaban masu jinya.

"Ku zo ku gani! Littafi a hannu, sata a hammata. Ɓarauniya!"

Aka dakatar da ita. A gaban kwamiti ta ƙi faɗin inda take kai zannuwan, don kada a kori Baba da 'ya'ya bakwai. Shi kuma tsoro ya ɗinke masa baki. Mu fa? Mu da muka san ta, muka karɓe ƙyallen teburin jibin Ubangiji da take wankewa tun tana amarya, muka ce a jira a ga ƙarshen bincike. Ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu a majami'a ranar. Mijinta yana kwance da ciwon zuciya a lokacin. Ya rasu a wata na biyar da dakatar da ita, mutanen unguwa na nuna gidansa da baki. A wata na bakwai Baba ya kasa barci, ya je ya faɗi gaskiya. Aka mayar da ita aiki. Sista ta gamu da ita a baranda ta ce, "Wanki ya taru," ta wuce. Ko "yi haƙuri" babu.

Baba ya zo ya durƙusa kusa da baho yana hawaye. Ta ce, "Tashi, kana jiƙa wando." Laifinsa ya ƙare a nan. Namu ma ta bar shi, ko da yake ba mu taɓa roƙa ba. Na Sista ne ya tsaya mata a maƙogwaro.

Tana nan tana karatunta kowace safiya, har ta iso wurin da Ubangiji ya hana mutum miƙa baiko alhali akwai magana tsakaninsa da ɗan'uwansa, sai ya je sun shirya tukuna. Ta karanta sau biyu. Ranar ba ta ce "na ji" ba. Ta kama shafin ta ninke shi biyu, ta danne da babban yatsa, ta wuce na gaba. Duk lokacin da karatu ya zagayo da ita wurin, sai ta tsallake. Shekara tara.

A shekara ta shida, bayan Sista ta yi ritaya, aka kawo ta asibitin da shanyewar ɓarin jiki. Mama ta ware zannuwanta daban, tana wanke su da hannu ba da inji ba, tana kai su da kanta. Nas-nas suka yi ta mamaki, suna cewa wannan ita ce Kirista. Wata rana tana shimfiɗa zane a gadon kusa, Sista ta ɗago hannun da ke motsi, ta yi ta kokawa da harshenta.

"Ma... Mama... zo..."

Mama ta ji. Ta lallaɓa kusurwar zanen, ta ɗauki kwandonta, ta fita.

Baba ya samu labari kafin azahar. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Matar nan ta kira ki."

"Na ji ta."

"To?"

"Hannuna ya yafe mata. Bakina ne ya ƙi."

"Ita kuwa ba hannu take jira ba."

"Ka koma wurin gawarwakinka," in ji ta.

Aka sallami Sista, 'yarta ta tafi da ita gida. Shekara uku suka ƙara wucewa.

Watan jiya likitan ido ya gaya wa Mama cewa ganinta yana tafiya, kuma ba lallai aikin tiyata ya dawo da shi ba. Layukan Littafin sun riga sun fara haɗe mata. Safiyar ranarta ta ƙarshe a wurin aiki, ta zauna a kan bokitinta, ta buɗe ninkin. Takardar ta kusa rabuwa a wurin. Ta ce wa Baba, "Ba zan makance da shafi a ninke ba." Ana gama tafi ta bar masa agogon ya riƙe mata, ta hau mota.

'Yar Sista ce ta buɗe ƙofa. Ta ce, "Mama, maganarta ta dawo, amma hankalin ya tafi. Ni ma wata rana ba ta gane ni."

Sista na zaune a kujera kusa da taga, ta rame, an ɗaura mata tawul a wuya. Mama ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta kama hannunta.

"Sista, ni ce. Na zo in ce miki na yafe. Ke ma ki yafe mini. Kin kira ni, na juya miki baya."

Sista ta daɗe tana kallonta.

"Ke wace ce?"

"Mai wanki ce."

Nan take fuskar tsohuwar ta tsuke irin ta da, ta gyara zama.

"Mai wanki? Sai yanzu? Kin makara. Marasa lafiya na jira."

"Na makara, Sista," in ji Mama.

Abin da Sista ta so faɗa ranar da ta ɗaga hannu, babu wanda zai ƙara sani. Da na je neman izinin wannan rubutu, na so in bar wannan ɓangaren. Mama ta ɗaure fuska ta ce, "Idan za ka rubuta zannuwan ka bar shafin, kada ka rubuta komai. Mutane za su ɗauka karatun ne ya gaza. Littafin ya gaya mini a kan lokaci. Ni ce na ninke."

Na gode miki, Mama. Na gode da jinin da kika wanke ba ki tambayi na wane ne ba. Na gode a madadin waɗanda kika suturta. Ke ce kika nuna mana cewa aya uku da aka aikata sun fi sura goma da aka rera da baki, kuma ke ce ba ki ɓoye mana wadda kika guje wa ba. Mu da muka karɓe ƙyallen teburin daga hannunki, shekara tara ba mu buɗe baki ba. Ina roƙonki gafara a nan, gaban kowa.

Ku kuma masu karatu, ba zan lallashe ku ba. Duniya ta lalace, kowa ya sani, kuma yawan faɗin haka bai taɓa gyara ko zare ɗaya ba. Ku buɗe Littafin kowace safiya, ku karanta kaɗan, ku tashi ku aikata kamar yadda matar nan ta yi. Amma idan kun iso ayar da ta yi muku ɗaci, kada ku bi Mama a nan. Kowannenku ya san sunan da ya zo masa a zuci yanzu. Ku je wurinsa yau, tun yana iya gane fuskarku.