Mai Koyon Tashi a Bakin Gonar Illo

Tun hantsi ƙaramin jirgin nan ya hana Illo sakat. Gonarsa tana bakin filin jirgi, bayan Madarunfa, kuma da ya duƙa kan gyaɗarsa sai jirgin ya taho, ya shafi ƙasa, ya sake ɗagawa, har sau ɗaya ya kusa kwasar gawon da ke kan iyaka. Illo ya ɗauka saukar ce ta gagari matuƙin, yana ta roƙa masa Allah ya sauke shi lafiya.

Da azahar jirgin ya tsaya. Nasaran da ke koyarwa ya nufi inuwa ko waiwaye babu. Mai koyon kuwa, wani dogo mai rigar kaki jiƙe da gumi, yana zaune ƙarƙashin fiffike, ido rufe. Hannunsa na dama yana kama iska, yana ja, yana saki, kamar har yanzu yana riƙe da wani ƙarfe. Tafin hannun duk ya yi kanta. Illo yana ganin ɗan manomi ne da lakwal, makarantar boko, ta ɗauke, wanda garinsu ke jiran ranar da zai gitta ta kansu da jirgi.

Ya ƙarasa wurinsa, ya miƙa masa gorar ruwa. "Sannu, samari. Ƙasa dai ta karɓe ka."

"Sauka na iya, Baba, tashin ne matsalar. Ina taɓa ƙasa dole in ɗage leɓen fiffiken nan, ni kuwa makara nake yi. In na sake, gobe sai gida."

Nasaran ya kira mai koyon, ya miƙe da ƙyar. Illo ya dubi gawon, ya duƙa kan gyaɗarsa, ya sauya addu'a.