Ɗan Ayu a Gaɓar Wakrah

Duk yawan ranakun da na yi a kan teku, ban taɓa mantawa da wata Litinin ta ƙarshen watan Nuwamba ba, shekarar da aka buga gasar cin kofin duniya a nan Qatar. Ku da kuka fara aiki daga baya kun sha jin ana tsokanata da "mai renon ayu". To, ga inda sunan ya samo asali.

Ga wanda bai san aikin ba, ni likitan dabbobi ne a sashen kula da halittun teku. Idan zafi ya sauka a ƙarshen shekara, manyan kifaye sukan matso kusa da gaɓa, musamman wani dogo mai tsananin gudu da Larabawa ke kira kan'ad. A lokacin ne masu fatsa don nishaɗi ke ɗaukar hayar jirage. Su ba masunta ba ne, ba kasuwa za su kai ba. Daɗin ja-in-ja da kifi suke nema, sai kuma hoton da za a tura wa abokai. Mu kuma akan raba mu a cikin jiragen don mu sa ido: a auna kifi, ƙarami a mayar da shi ruwa, kuma kada a yi gudu a kan ciyawar da ke ƙarƙashin teku, domin nan ne makiyayar ayu.

Shi ayu ba kifi ba ne, dabba ce mai shayarwa. Ya kai saniya girma, ciyawa yake ci, kuma dole ya riƙa ɗago hanci yana shan iska. Ba a Qatar na fara saninsa ba. Ni mutumin Yawuri ne, gidanmu Sarkawa ne, kuma mahaifina ya yi suna wajen farautar ayu a kogi. Da namansa da mansa aka yi mini karatu, ba na ɓoyewa. Na teku ya ɗan bambanta da namu a wutsiya, amma halinsu ɗaya. A shekarun annoba, da aka taƙaita fitar jirage, teku ya yi tsit, sai ayu suka saba da matsowa kusa da gaɓa da 'ya'yansu. A cikin shekarun ne kuma Baba ya rasu, hanya a rufe, ban samu zuwa jana'iza ba. Na daɗe idan na tsaya a bakin ruwa ina jin kamar yana tsaye a bayana.

Ranar da nake ba ku labari, mun tashi daga tashar jiragen Wakrah bayan asuba, mu uku. Akwai matuƙin jirgin, Kyaftin Awudu, mutumin zangon Kumasi, gajere mai surutu. Akwai kuma wanda ya ɗauki hayar, Injiniya Bala, dattijo Bakatsine da ke aiki a harkar gas. Tun kafin a kwance igiya Awudu ya buɗe rigar kariyarsa ya nuna mini rigar ƙwallon Ghana a ciki.

"Likita, yau Ghana na wasa da yamma, tikiti na nan aljihu," in ji shi. "Azahar ya yi, yalla, maza mun koma, ko kifi ya kai jirgin nan girma."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ba abin da zai riƙe mu.

Safiyar ta zo da wani irin laushi. Babu iska ko kaɗan, ruwa ya kwanta kamar madara a ƙwarya, har ba ka gane inda teku ya ƙare sama ta fara. Can arewa dogayen gine-ginen Doha na tsaye cikin tururin ruwa, ana ganin kawunansu ba a ganin gindinsu. Injiniya ya jefa fatsarsa, jirgi na tafiya a hankali, ni kuma na jingina da gefe ina gyangyaɗi da ido buɗe.

Wajen hantsi sandar fatsar ta lanƙwashe, zare ya shiga kuka. Injiniya ya zabura har hularsa ta faɗi, yana ta kabbara. Kifin ya yi kudu da gudu, muka bi shi zuwa inda ruwa ba zurfi, sai kawai zaren ya tsaya cak. Ashe ya maƙale a wata tsohuwar raga da wasu masunta suka yar, tana yawo tsakanin ciyawa. Da muka matsa, na ga wani abu toka-toka na juyawa a cikinta. Ya ɗago hanci da ƙyar, ya yi huci, ragar ta sake janye shi ƙasa. Ɗan ayu ne, bai wuce girman jaririn maraƙi ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, sai dai a yanke zaren. Duk jan da kifin nan ya yi, ɗan yake shaƙewa."

Tun zuwansa ƙasar Injiniya ke neman kan'ad irin wannan. Ya dubi sandarsa, ya dube ni, sannan ya miƙo mini almakashi da hannunsa ya kau da kai.

Na shiga ruwan, ya kawo mini ƙirji. Na yanyanke ragar, na duba jikin ɗan. Zare ya ɗan ci gindin wutsiyarsa, amma raunin ba mai zurfi ba ne, gajiya ce ta fi yawa. Na tallabe haɓarsa a kan hannuna don hancinsa ya zauna a sama, na ce Awudu ya kira shugabar sashenmu ya kanga mini wayar a kunne.

Ga yadda ƙa'ida take. Idan aka tsinci ɗan ayu mai shan nono kuma ba a ga uwarsa ba, a ɗauke shi zuwa tafkin jinya, domin shi kaɗai a teku ba zai kai labari ba. Ƙa'ida ce mai hankali. Sai dai dukanmu mun san cewa da wuya wanda aka raba da uwa ya rayu a tafki, saboda madarar da muke haɗawa ba ta kama ƙafar tata. Shugabar, Balarabiya ce da ta daɗe a aikin, ita ma ta san haka.

Ta ce, "Kun ga uwar?"

Na ce ba mu gan ta ba.

"To ka ɗauko shi. Ruwa na janyewa, kada jirginku ya zauna a kan yashi."

Na roƙe ta ta ba ni lokaci, na ce ina jin uwar na kusa. Ta ce, "Zuwa la'asar. Idan ba ta fito ba, khalas, shi ke nan, ka kawo shi."

Abin da ya sa na roƙa shi ne abin da na gani a kogi ina ɗalibi, wani hutu da na bi su Baba farauta ina tuƙa musu kwalekwale. Idan suka kama ɗan ayu, ba sa fitar da shi. Mutum ɗaya zai shiga ruwa ya rungume shi, ya juya kansa wajen zurfi don kukansa ya tafi can. Sauran kuma kowa ya kwanta a cikin kwalekwale, kada inuwar mutum ta faɗa kan ruwa. Ba tari, ba motsin filafili, kuma ba a ambaton sunan ayu, sai dai a ce "Baƙuwa". Baba kaɗai ke durƙushe da zago, wato mashin farautar ruwa. Yakan ce uwar ayu ba ta tafiya, ja da baya kawai take yi tana saurare. Komai daɗewa sai ta zo, da zuwanta kuma zago ya sauka.

Na ce wa Awudu ya kashe inji, ya saki anka a hankali, su kwanta su biyu.

"La'asar? Likita, uwan ya gudu tun tuni!" Ya dafa aljihun da tikitin yake. "Kuma wane kyaftin ke kashe inji inda ruwa ke sauka?"

A daidai lokacin ɗan ya yi wani siririn kuka kamar na ɗan tsako. Awudu ya leƙo ya dube shi, ya yi tsaki, ya murɗa makulli. Na gaya musu kada wanda ya kira sunan dabbar. Injiniya na kwanciya a kan kujerar jirgi ya raɗa mini, "Likita, da mutanen gida za su ga abin da ke hannunka, da tuni an yi layi da kwalabe ana neman mansa." Ita ce magana ta ƙarshe da aka yi.

Ban taɓa jin shiru irin na ranar ba. Da injin ya mutu, sai na fara jin abubuwan da ba na ji: ruwa na lasar cikin jirgi, ciyawa na shafar ƙafata, zuciyar ɗan na bugawa a jikin ƙirjina. Fatarsa santsi ce, da ɗumi. Lokaci-lokaci yakan buɗe hanci ya fesa mini iska mai warin ɗanyar ciyawa, ya sake yin kukan nan. Hasken rana na wasa a ƙasan ruwa har idona ya gaji, na lumshe. Wallahi sai na ji ƙamshin laka irin ta bakin koginmu, na ji kamar idan na waiwaya zan ga Baba a durƙushe, da tsohuwar malafarsa. Ban waiwaya ba, don kada in ga babu shi.

Azahar ta yi. Suka yi sallarsu a zaune, ni na yi tawa da ishara a tsaye cikin ruwa. Na ga Awudu ya ɗaga ido ya dubi rana, ya mayar da kansa ya kwanta. Ruwan da ya kawo mini ƙirji ya sauka zuwa cibiya, dole na riƙa jan ƙafa a hankali zuwa wajen zurfi. A nan tsoro ya kama ni sosai. Na ce a raina, wa ya gaya maka ayun teku ya san dokar kogi? Numfashin ɗan ya fara nisa da juna. Idan ya mutu a hannuna, ni na hana shi zuwa inda ake da magani da kayan aiki, kuma ba ni da hujja sai maganar tsohon da ke kabari.

Ina cikin wannan tunani na ji huci a damana, mai nauyi, irin na saniya da ta gama shan ruwa. Ban motsa ba. Wata doguwar inuwa ta zagaye ni a ƙarƙashin ruwa, ta koma, ta sake dawowa. Sannan bayanta ya ɓullo, faffaɗa, da tsohon tabon farfelar jirgi a kai. Ta matso har gashin bakinta ya goge cinyata, ta tsaya a gefena, wuyanta a fili, kusa da jirgi.

Nan ne wurin. A daidai wannan tsayuwar Baba ke sakin zago. Na ji kafaɗuna sun ƙanƙame da kansu suna jiran ƙarar, kamar yadda suka yi wancan hutun. Ba ƙarar da ta zo. Na buɗe hannuwana. Ɗan ya yi jim kamar bai yarda ba, sannan ya sulale ya cusa bakinsa a hammatarta, inda nononsu yake. Suka juya tare, layi biyu a kan ruwa, babba da ƙarami, har tururin teku ya haɗiye su.

"Baƙuwa ya zo," in ji Awudu da wata ƙaramar murya. Na ɗago na ga hawaye a gemunsa. Ni ma fuskata a jiƙe take, kuma ba duka ruwan teku ba ne. Can daga gaɓa muka jiyo kiran la'asar sama-sama.

Maganar shugaba kuwa ta tabbata: jirginmu ya zauna daram a kan yashi, sai da muka jira ruwa ya dawo. A nan muka saurari wasan a wayar Awudu, mu uku a tsakiyar teku, rana na faɗuwa. Ghana ta ci, kuma shi ne wasa ɗaya tak da ta ci a gasar. Awudu ya yi tsalle har ya faɗa ruwa da rigarsa, ya fito yana cewa, "Likita, ka cuce ni, amma na yafe!" Injiniya ya koma gida ba kifi ba hoto, har yau kuma shi ya fi kowa ba da labarin, kullum uwar na ƙara girma a bakinsa.

Ba a canza ƙa'ida ba, kuma bai kamata a canza ba, domin akwai ranar da uwar ta riga ta mutu a wata ragar, tafki ne kaɗai mafita. Abin da shugaba ta ƙara mana shi ne a kashe inji a saurara tukuna. Ni kuma abin da na koya game da aikin nan shi ne yawancinsa haƙuri ne, kuma sau da yawa wasu ne ke biyan haƙurin: mai fatsa da ya yanke zarensa, matuƙi da ya bar tikitinsa ya jiƙe a aljihu. Ku riƙa ganin girmansu.

Baba ya koya mini cewa uwar ayu ba ta barin ɗanta don in san inda zan tsaya da zago. Ban gaje shi a farauta ba, amma maganarsa gaskiya ce, a kogi da teku. Idan wata rana kuka tsinci ɗa shi kaɗai, kada ku yi saurin cewa maraya ne. Ni a cikin ruwan nan na yi wa mahaifina bankwanan da ban samu yi a Yawuri ba, kuma tun daga ranar na daina jin tsayuwarsa a bayana.