Injiniya da Kabad ɗin Kusurwa

A shagon kafintocin nan na ƙarshen layi babu mai kiran ta da sunanta. Injiniya ake ce mata, tun ranar da ta gama makaranta ta zo da kwamfuta a jaka, ta ce wa Baba za ta riƙa zana masa kabad kafin a yanka katako. Da tsokana aka fara, sunan ya bi ta har gida. Umma ma in za ta aike ta sai ta ce, "Injiniya, miƙo min tsintsiya."

Ofishinta, in dai za a kira shi ofis, wani ɗan lungu ne a bayan shagon, tsakanin tarin falankai da bango. Tagar ɗaya ce, ita ma an jingina mata katako. Fanka na juyawa tana watsa garin katako a kan kwamfutar, ita kuma tana gogewa da gefen mayafi. Ta shigo ne da niyyar taimaka wa Baba kafin ta samu aiki. Ƙawayenta suka yi aure, suka haihu, wasu har sun canza wurin aiki, ita tana nan a kan kujerar roba ɗaya.

Iya aikinta ne ya ɗaure ta. Kabad miƙaƙƙe kowa ya iya, amma wanda zai bi bango ya sha kwana ya ci gaba a ɗaya bangon, nan ake jin jiki. Manhajar da take zane da ita tana fitar da ɗaki tsaf, kamar ba ɗan Adam ne ya gina shi ba, alhali babu maginin da ya taɓa tayar da kusurwa daidai. Sai da ta ɓata katako ta sha faɗan Baba kafin ta koyi auna kusurwa a ƙasa da tsakiya da sama. Ta kuma koyi barin 'yar rata a kwanar, a toshe ta da siririn katako, don kada durowar wannan ɓangare ta daki mariƙin ƙofar wancan. Kwamfuta ba za ta gaya maka wannan ba. Za ta nuna maka hoto mai kyau ne kawai ta yi shiru.

Ana haka wani kamfanin kayan ɗaki a wani gari mai nisa ya ga hotunan aikinta, ya kira ta. Suka ce ta zo kafin ƙarshen wata, in ba haka ba su ɗauki wani. Ta samu Baba a bencinsa na bakin shago, inda yake wuni tun da idonsa ya yi rauni, ta durƙusa ta gaya masa.

"Ban hana ki ba," in ji Baba. "Amma kin san bakin da ke ci a shagon nan. Yayanki ya yi aikin kusurwa ɗaya shi kaɗai, daga awo har kafawa, babu hannunki a ciki. In ya tsaya, ki tafi da albarkata."

Yaya kuwa gwanin zarto ne, ba a ja da shi a nan. Haƙuri ne Allah bai ba shi ba. Yana danna kwamfuta kamar yana buga ƙusa, kuma kafin ta kai ƙarshen bayani ya ce, "Na gane, na gane." Ta zauna da shi safiya bayan safiya, ta nanata maganar rata har bakinta ya gaji.

Aikin gwajin ya zo daga wata ma'aikaciyar asibiti mai ƙaramin ɗaki da kaya kamar na 'yar kasuwa. Yaya ya je ya auno, ya yi zanensa yana fito, ya bar kwamfutar a kunne ya tafi sayo katako. Injiniya ta yi wa kanta alkawarin ba za ta duba ba. Ba ta cika alkawarin ba.

Kallo ɗaya ta yi ta ga matsalar. Babu rata ko kaɗan. Durowar hagu za ta fito rabi ta ci karo da mariƙin ƙofar dama, shi ke nan ta tsaya har abada. Ta zauna tana lissafi. In ta yi shiru, aikin ya lalace, tana nan. In ta gaya masa, hannunta ya shiga, tana nan. Haushi ya kama ta, na Yaya, na Baba, na kanta da ta iya abin da ya zame mata sarƙa. Ta leƙa waje, ta ga Baba yana gyangyaɗi. Sai ta matsa durowar a zanen, ta sa siririn katakon, ta ƙara sarari ta baya ko da bangon ya karkace. Manhajar ta gyara awon yankan da kanta. Yaya ya dawo ya yanka abin da ya gani, bai lura da komai ba.

Ranar kafawa har Baba aka ɗauka a mota. Kabad ya zauna a kusurwa daram. Baba ya shafa shi da tafin hannu, ya ja durowa ta fito sumul, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya sake buɗewa.

"Ki kira mutanen nan," ya ce. "Allah ya yi miki albarka."

Yaya ya yi ta washe baki yana cewa, "Yanzu wa ye Injiniyan?" Ta yi dariya tare da su. Ta yi murna, wannan gaskiya ne, amma murnar ba ta cika ba.

Ana gobe za ta tafi, ta shiga lungunta tana haɗa 'yan tarkacenta a jaka, sai ga Yaya ya faɗo da fara'arsa. Wai mijin ƙanwar ma'aikaciyar asibitin ya ga kabad ɗin, kuma yana gina masaukin baƙi, kowane ɗaki yana son irinsa. Yaya ya karɓi aikin, katako na hanya, zane ma ya gama a zama ɗaya.

"Ke dai tafi abinki, kar ki damu da mu," ya ce. "Zo ki ga aikin maza."

Ta duba ɗaki na farko, ta duba na biyu, ta ci gaba har na ƙarshe. Kuskuren nan ne dai, ɗaki bayan ɗaki, ya kwafe shi da kyau. Gobe da safe zai sa zarto, ita tana cikin mota.

"Yaya," ta ce a hankali, "durowar nan ba za ta buɗu ba. Babu rata."

"Haba ke kuwa, haka na yi wancan, ga shi can yana aiki."

"Ba haka ka yi shi ba. Ni na gyara, ranar da ka fita sayo katako."

Ta zaci zai yi faɗa, da ma ya yi. Sai ya zauna a kan falanki ya zuba wa hannayensa ido. Can ya ce, "Ke nan wancan ma ba ni ba ne." Tausayinsa ya kama ta har ta kasa kallon sa.

Babu injin da ke aiki a lokacin, shagon shiru, kuma kunnen Baba garau yake. Suka ji ya yi gyaran murya daga bencinsa.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Na ji. Ba ki kyauta ba. Amma na riga na sa miki albarka, ba na janyewa. Ki tafi."

Ga ƙofar shago a buɗe, ga jaka a kafaɗarta, babu wanda ya tare ta. Ta dubi Baba da ke lalubar sandarsa, ta dubi Yaya da har yanzu bai ɗago kai ba. A waje ta ji motar katakon ta tsaya, direba yana tambayar inda za a sauke. Ta so ta yi kuka, ta so ta zagi wani, amma babu wanda za ta zaga.

Ta ajiye jakar a ƙarƙashin tebur.

"Yaya, tashi ka ɗauko tef," ta ce. "Mu je mu sake auno ɗakunan."