Ƙurar Rami ko Jinin Uba

Ranar da aka zaunar da ni tafinta tsakanin likita da wasu 'yan'uwa biyu, a asibitin ma'aikatan ma'adinai na Arlit, har yau ta ƙi fita raina. Lokacin ni ne majo, wato shugaban masu jinya na ɓangaren maza. Ƙa'idarmu, in likita ba ya jin Hausa sosai, majo ne ke juya maganarsa daga Faransanci, don kada labari mai nauyi ya faɗa bakin wanda aka tsinta a baranda.

Majinyacin sunansa Illiyasu, mutumin Tawa, tela a kasuwar Arlit, bai kai arba'in ba. Ya daɗe yana ganin jini a bahaya yana cewa basir ne, har aka tura shi Yamai aka tabbatar sankarar hanji ce. Wansa, Alhaji Mamman, shi ne ma'aikacin kamfani. Ya yi furfura yana tuƙa babbar mota a ramin uranium, kuma lafiyarsa lau.

Alhaji ya shigo da amsarsa a shirye: ƙurar rami ce ta ci ƙanensa. Haka ake faɗa a gari, ni ma haka na ɗauka. Amma likitan, wani matashi da aka turo mana daga Yamai, sai ya hau tambayar dangi. Ashe mahaifinsu da irin wannan ciwon ya rasu, haka goggonsu, dukansu da sauran ƙarfinsu, kuma babu wanda ya taɓa taka Arlit a cikinsu.

Likita ya ce in gaya musu: kullum jiki yana sabunta kansa, yana kwafar rubutun halittar da mutum ya gada, wani lokaci kuma a yi kuskure. Akwai ƙwayoyin gado da aikinsu gyara kuskuren. A wasu gidaje masu gyaran nan raunana ne, sai kuskure ya taru a hanji ya zama ciwo. Na rasa ta inda zan kama. Na ce wa Illiyasu kamar ɗinki ne ya karkace, babu mai warwarewa. Ya gyaɗa kai, amma Alhaji ya miƙe.

"Majo, mi ya kawo baba cikin wanga zance? Jininmu ne ba shi da kyau?"

Ya ce in tambaya ko an wanke ƙura daga zargi ke nan. Likita ya ce ba zai iya wanke ta ba. To gado ne? Ya ce sai an aika jini waje an duba, kuma ko an samu, haɗari yake ƙarawa, ba hukunci ba ne. Na juya duka biyun, ina jin kaina kamar mai yi wa mutane wasa da hankali. Da likita ya nemi Alhaji ya je Yamai a leƙa hanjinsa da na'ura, sai ya ce kamfani ya sayi bakin likita, ya fice.

Na bi likita ofis, don ni ma zargin ya shige ni. Ya ce da yana da amsa guda, da ya fi kowa samun sauƙi. Na fito ban san ko na yarda ba.

Illiyasu ne ya raba gardamar daga kan gadon jinya. Ina canza masa ruwa na ji yana cewa:

"Yaya, ka tai su duba ka. In ƙura ce, ka hi ni shaƙa. In baba ne, ka riga ni zama ɗa nai."

Alhaji ya tafi Yamai. Aka samu 'yan tsiro a hanjinsa, aka yanke su tun ba su rikiɗe ba. Illiyasu kuwa Allah ya yi masa rasuwa kafin sakamakon jininsa ya dawo. Da ya iso, ya nuna akwai bambanci a ɗaya daga masu gyaran, amma irin wanda masana ba su riga sun tantance ko yana cutarwa ba. Alhaji ya zo ya zauna a gabana ya ce in faɗa masa tsakanina da Allah abin da ya kashe ƙanensa. Na ce ban sani ba. Ya yi mini godiya, ya tashi.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku sani mutane suna zuwa mana da neman wanda za su ɗora wa laifi, kuma zuciya za ta so ta ba su. In ilimi ya tsaya a "wataƙila", nan za ku tsaya, ko da za a zarge ku. Sai dai kada ruɗun ya sa ku bar ɗan'uwan majinyaci ya koma gida ba a duba shi ba.